Kafin Ki Sa Hannu a Kayen Ƴan Sankiyam

Zuwa ga ɗiyata Uwani, a Matankari.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bana shekara ta bakwai ke nan rabona da gida, tun ranar da na hau motar Dutsi bayan sadakar arba'in ta kakarki, wadda kike ɗauke da sunanta. Ina gaishe ki, ina gaida innarki da ƙannenki, da kawunki Bawa da mutanen gidansa. Allah ya sa takardar nan ta iske ku lafiya. Allah ya tsare ki a hanyar da za ki bi, ya tsare ki daga abin da ido ke gani da wanda ba ya gani.

Ba zan cika ki da labarin Abijan ba. Ruwa ne da zufa da warin albasa. Ina nan bakin sito ina rubuta buhun da ya shiga da wanda ya fita, kamar yadda kinka sani. Na ji saƙon da kinka aiko a waya, na saurara, na sake saurara. Ban amsa da murya ba, don ɗakin da muke kwana duk kunnuwa ne, kuma abin da zan faɗa miki ina son ki riƙe shi a hannu. Direban albasa da zai koma Dutsi zai kawo miki.

Kin ce an ɗauke ki koyarwa, an tura ki ƙasar Tibiri, kuma kolejin da anka ba ki shi ne wanda na bari. Kin ce direkta ya ba ki tarihi a aji guda biyu na sankiyam, ƴan shekara ta biyu a kolej. Kin ce in yi wa innarki magana ta ba ki makullin akwatina na ƙarfe, ki kwashi tsoffin takardun darasina ki huta da wahalar shiri.

Na yi murna, Allah shi ne shaida. Amma murnar ba ta daɗe ba na fara tunani. Kolej nawa ke tsakanin Dumega da Kore Mairuwa? Me ya sa sai wannan? Mai yiwuwa alƙalamin wani ma'aikacin ofishin ilimi ne a Doso wanda bai taɓa jin sunana ba. Mai yiwuwa. Amma sankiyam ba alƙalamin Doso ba ne, rabon cikin gida ne. A ajin nan ake karanta yaƙe-yaƙen masu gicciye, wanda littafi ke kira kurwazad, lokacin da Kiristocin Turai sunka yi ta ɗauko runduna zuwa Ƙudus, su da Musulmi sunka shafe kusan shekara ɗari biyu suna gwabzawa. Tsoffin malamai sun san darasin nan sarai. Shi ya sa suke miƙa wa baƙo ajin suna murmushi, suna cewa yara ne masu daɗin sha'ani. Ni ma haka anka miƙa mini.

Kina ƙarama lokacin da na bar aikin. Abin da kinka ji a gida shi ne albashi bai zuwa kan kari, na gaji na tafi bidar kuɗi. Gaskiya ne albashi bai zuwa. Amma wasu sun haƙura da shi har yau. Abin da ya tashe ni daban ne, kuma tunda garin za ki, gara ki ji daga bakina kafin ki ji a bakin mai sayar da ƙosai.

Kuskurena na farko, na koyar yadda anka koyar da ni. Mushe, wato malami, ya cika tabulo, allon bangon aji, da rezime, taƙaitaccen darasi, tun daga sama har ƙasa, yara su kwafa, su je gida su haddace, ranar jarrabawa su amayar. Ban taɓa tsayawa na dubi abin da ke faruwa tsakanin tabulo da kaye ba. To ga abin da ke faruwa. Uba ya sayar da tiyar wake ya sayi kaye guda, littafin rubutu. Kayen nan shi ne na tarihi, shi ne na labarin ƙasa, in an juya bayansa kuma lissafi ne. An ja wa yaro kunne cewa in ya cika kafin damina, ya nemi wani uban. Yaron da ke tattalin takarda haka, me zai fara zubarwa? Kan magana. Layin nan na sama da kike rubutawa ki ja masa layi, shi a wurinsa ado ne mai cin wuri. Ga shi kuma ajinmu rumfar zana ce, saman tabulon fentinsa ya koɗe, alli ba ya kamawa, na bayan aji sai su ƙanƙance ido su bari.

Ranar darasin na rubuta kiran da babban limamin Kiristoci na Rum ya yi wa mutanensa, inda yake ce musu su tashi su ƙwato wuri mai tsarki daga hannun waɗanda ya kira kafirai, yana nufin Musulmi. A sama na rubuta wanda ya yi maganar da zamanin da ya yi ta. Da bakina ma na faɗa. Na ce, yara, wannan maganar mutumin ce, muna karanta ta don mu gane abin da ya taso da su. Sunka ce, wi mushe, wato to malam. Yara kullum wi mushe suke cewa. Kada ki taɓa ɗaukar wannan a matsayin shaida.

Don haka ga shawara. Kada ki dogara da kan magana. Ki sa kowane yaro ya ja layi daga sama zuwa ƙasa a gefen hagu na shafi, faɗin yatsa uku. Wannan gurbin sunansa "Wa ya faɗa?" Duk maganar da ba taki ba, duk maganar da wani mutumin da ya yi, sunan mai ita yana gefenta, a layi ɗaya da ita, ba a samanta ba. In maganar ta ci layi huɗu, sunan ya fito sau huɗu. Za su yi ƙorafi, za su ce Madam hannu ya gaji. Ki bar hannu ya gaji. Abin da ke sama ana yanke shi, abin da ke manne a gefe yana bin maganar duk inda ta je.

Kuma ki sani maganar tana tafiya. Akwai wata yarinya a ajin, Hasiya. Uwarta ta haihu a satin nan, sai Hasiya ta zauna gida tana dafa ruwan wankan jego. Da ta dawo ta ari kayen ƙawarta ta kwafa. Ita ƙawar a bayan aji take zama, ba ta ga saman tabulo ba. Sai maganar limamin Rum ta sauka a kayen Hasiya tsirara, ba suna, ba zamani, tsakanin wasu layuka da suke maganata ce. Kullum za ki samu irinsu: wanda kasuwa ta riƙe, ƴaƴan makiyaya da ke ɓacewa in an tashi da dabbobi, wadda zazzaɓi ya kwantar. Rabin abin da ke cikin kayen ajinki ba daga tabulonki ya fito ba, daga kayen wani ne, shi ma daga na wani. Ki tsara shafin yadda ko ya bi hannu uku ba zai canza ma'ana ba. Kuma kada ki yarda da kayen yaron da ya fi kowa kyan rubutu. Shi kowa ke ara, in ya ɓata, aji duka ya ɓata.

Kuskure na biyu ya fi na farko muni, don na farko rashin sani ne, wannan lalaci ne. Direktan wancan lokaci ya shigo ɗakin malamai ya ce sufeto na tafe, yana son ya ga jan bik, jan biron malami, a kowane kaye. Na sa anka tara mini su, tuli guda, na zauna ƙarƙashin itacen bedi da butar shayi. Lokacin gasar kokowa ta ƙasa ne, wadda ake cin takobi, rediyo na gefena, ɗan jiharmu ya kai kusa da ƙarshe. Ina buɗe kaye, ina neman shafin ƙarshe, in rubuta an gani, in sa hannu, in jefa gefe. Kunnena na filin kokowa. Ban karanta ko layi ɗaya ba. Haka kowa ke yi, har yau na tabbata haka ake yi, kuma za a ce miki ke ma ki yi haka.

Hasiya yarinya ce mai ƙoƙari. Ta zauna a zaurensu tana hadda da ƙarfi, tana rausaya kamar mai karatun allo. Yayanta Ila na gefe yana jera kayan shagonsa. Saurayi ne lokacin, ya kai aji na ƙarshe a kolej kafin ya shiga kasuwa, yana jin faransanci, kuma yana cikin samarin nan masu wa'azi bayan magariba. Ya ji ƙanwarsa na maimaita cewa a tashi a ƙwato wuri mai tsarki daga hannun kafirai Musulmi. Ya karɓi kayen. Ƙarƙashin maganar ga jan bik, ga sa hannun Mushe Arzika.

Kafin Juma'a kayen ya zaga gari. Ranar Asabar iyaye sunka taru a filin lakkol, makarantar tamu. Ila ya tsaya, bai ɗaga murya ba, ya buɗe shafin ya nuna mini.

Ya ce, "Mushe, wannan hannunka ne?"

Na ce, "Hannuna ne."

Ya ce, "Ka karanta kafin ka sa?"

Uwani, ki dubi tambayar nan da kyau. In na ce ban karanta ba, na tona wa kaina asiri gaban direkta da iyaye cewa ina cin albashi ina sa hannu ido rufe. In na ce na karanta, maganar ta zama tawa. Na waiwayi direkta. Mutumin da ya ce a zuba jan bik ko ta yaya, sai ga shi ya sami wani abu mai ban sha'awa a kan takalminsa yana kallo. Girman kai ya kama ni, na ce, "Na karanta."

Wuri ya ɗauki salati. Na shiga bayani, na ce maganar wani ce, na rubuta sunansa a sama, a kawo sauran kayen a gani. Anka kawo. Wasu da suna, wasu babu, kuma waɗanda babu sun fi yawa, duka da hannuna a ƙasa. Akwai wani tsoho, Gado, mai kula da ɗakin tsafin doguwa, iskar masu gargajiya, a bakin gari, jikansa na ajin. Yana zaune yana tauna goro sai ya ce, "Ikon Allah. Ni shekara sittin ana kirana kafiri a garin nan, ko kaza ba ta taru ba. Yau an taɓa ku sau ɗaya a takarda, har da shimfiɗa tabarmi." Wasu sunka yi dariya, wani ya ce, "Baba Gado, rufa mana baki, ba da kai ake ba." Ya ce, "Ai na sani, ɗana. Kullum ba da ni ake ba, sai in ruwa ya ƙi sauka." Dariyar nan ita ta hana abin ya kai ga hannu ranar. Anka watse a kan zan gyara darasin.

Na daɗe ina jin haushin Ila. Amma ina faɗa miki gaskiya, abin da ke gabansa ya karanta. Da ni ne na ji ɗiyata na rera wannan a zaurena, da na je na tambaya. Tambayarsa daidai ce, amsata ce ƙarya. Da na ce ban karanta ba, na yi laifi, da kunyar sati guda ce.

Shawara a nan gajera ce. Jan bik ɗinki bakinki ne. Kada ki sa shi ƙarƙashin abin da ba ki karanta ba, ko sufeto na bakin ƙofa, ko direkta na tsaye a kanki. In goma kinka iya dubawa a yini, ki sa hannu a goma, sauran su jira. In anka matsa miki, ki ce a rubuta miki umarnin a takarda, za ki ga yadda murya ke sauka. A zamanina sai da kaye ya yi tafiya da ƙafa gida gida. Yanzu hoto ɗaya a waya, kafin la'asar ya kai Birnin Kebbi. Ga kuma halin da dajinmu ke ciki, mutane da bindiga suna kiran sunan addini. Kalmar yaƙin addini ba tsohon labari ba ce a kunnen iyayen nan. In kuma wata rana kinka yi kuskure anka tambaye ki gaban jama'a, ki faɗi wanda ya fi ba ki kunya in dai shi ne gaskiya.

Na uku shi ne wanda har yau in na tuna nake ajiye alƙalami. Na ce zan gyara. Ba gyara na yi niyya ba, so nake a ci gaba da gaishe ni a kasuwa. Ranar Litinin na ja layi tsakiyar tabulo. Dama na rubuta Musulmi, hagu na rubuta Kirista. Duk wani adalci da jarunta na zuba dama, duk wata ɓarna da cin amana na zuba hagu. Na san akwai abubuwan da na tsallake. Na san masu gicciyen nan sun taɓa afka wa babban birnin Kiristocin gabas sunka washe shi, ƴan'uwansu a addini. Na san sarakunan Musulmi sun yi ta yaƙar junansu a lokacin, har wani ya haɗa kai da baƙin don ya kayar da maƙwabcinsa. Na san fataken bakin teku sun yi arziki da jigilar kowa. Duk na bari, don ba su shiga gida biyun da na zana. Yara sunka ji daɗi, rezime gajere mai sauƙin hadda. Wannan karon na karanta kowane kaye kafin in sa hannu.

Kwana kaɗan sai sunka ƙirƙiro wasa lokacin shan iska. Wasan kurwazad, da karan hatsi. Wasa na son abokin gaba, kuma kowa na son zama dama. A ajin akwai yaro ɗaya Kirista, Bulus, ɗan malamin asibitin garin. Yaro mai shiru, shi ke goge mini tabulo ba tare da na ce ba. Na gan su daga nesa suna bin sa, na ce a raina wasan yara ne. Ranar da anka bar kara anka ɗauki dutse, girarsa ta tsage.

Ubansa da kansa ya ɗinke shi. Da marece ya iske ni gida, ya yi sallama, ya ƙi zama. Kayen ɗansa na hannunsa, ya buɗe shafin mai gida biyu. Da rubutun Bulus, tsaf, ya kwafe duk abin da na ce game da mutanen hagu.

Ya ce, "Mushe, wannan ma hannunka ne?"

Na ce, "Nawa ne."

Ya ce, "Na ji wancan karon an ce ba maganarka ba ce. Wannan fa, ta wa ce?"

Ya rufe kayen. Ya ce, "Na karɓi haihuwar rabin yaran nan da ke jifarsa. Sai da safe." Bai kai ƙara ko'ina ba. Ya nemi canji, kafin damina sun kwashe. Asibitin ya daɗe ba malami, mata na hawa amalanke zuwa Tibiri da naƙuda. Kin san wanda ya tare ni a kan wannan? Ila. Ya tsayar da ni gaban shagonsa ya ce, "Mushe, cewa munka yi ka gyara, ba mu ce ka sa a fasa wa ɗan mutane kai ba. Yanzu wa zai yi wa tsohuwata allura?" Na so in ce masa kai ka fara. Amma ba shi ya riƙe allin ba.

Ba wanda ya kore ni da takarda. Gaisuwa ce ta ragu. Waɗannan na ganina wanda ya zagi Musulmi, waɗancan na ganina wanda ya kori malamin asibiti. Da anka yi hutu na tattara, ban koma ba.

To, kada ki raba tabulo gida biyu da sunan addini. Yaro ɗan shekara goma sha uku in ya ga gida biyu, abin da zai fara nema shi ne wanne ne nasa, sannan ya waiwaya ya ga wa ke ɗayan. Kada kalmar mu da su ta fito daga bakinki a darasin nan, ko da wasa. Na yi shekaru bakin sito ina sake zana shafin a bayan takardun albasa, ga inda na tsaya. Kowane yaƙi shafinsa daban. Gefen hagu gurbin wa ya faɗa, kamar yadda na ce. Sauran shafin a raba shi kwance, ba tsaye ba, tambaya bisa tambaya. Yaushe, ƙarni kawai ya isa. A ina, su zana bakin tekun da hannunsu ko ya karkace, su ɗiga Ƙudus. Su wane ne sunka fito, kuma a nan kada ki karɓi Kirista ko Musulmi kawai a matsayin amsa. Sarkin ina, mayaƙan ina, fataken ina, talakawan ina. Sai abin da sunka ce suna so. Ƙarƙashinsa, a gurbi daban, abin da sunka yi da sunka isa. Waɗannan biyun kada ki bari su haɗu a layi ɗaya, don tsakaninsu darasin yake. Yaron da ya ga an ce Ƙudus za a je, ya ga kuma an ƙare da washe birnin Kiristoci, ba sai kin yi masa wa'azi ba. Na ƙarshe, wa ya ji jiki. A wannan gurbin za su iske kowa da kowa, har Yahudawa da manoman da ba a tambaye su ba.

A ƙasan shafi ki bar layi biyu na tambayar yaro, da fensir, don a san tasa ce ba taki ba. Za su tambaye ki abin da ba ki shirya ba. Wani zai ce, Madam, irin yaƙin da kakanninmu na ƙasar Arewa sunka yi da masu jihadi na gabas ne? Jikan wani Gado zai ce, mu fa wane gefe muke? Kada ki amsa da gaggawa don a ce kin sani. Ki ce zamani daban ne, za mu zo kansa, rubuta tambayarka. Kuma ki lura da wanda ya yi tambayar. Wata tambayar ta yaro ce, wata an ba shi ita daga gida a ga abin da za ki ce.

Kada ki yarda da littafin da anka ba ki don kawai bugu ne. Wanda na yi aiki da shi a Turai anka rubuta shi, da idon mutanen can. Kada kuma ki yarda da rezimen da malamai ke tura wa juna a waya, ba ki san wanda ya rubuta ba balle abin da yake nufi. Wa ya faɗa ɗin nan, ke ma ki riƙa yi wa kanki.

Na ji labari a wurin direbobi cewa Ila yanzu Alhaji ne, yana da manyan shaguna, kuma shi ne shugaban kwamitin iyayen yara. Zai san ɗiyar wa ce ke tun ba ki sauke kaya ba. Kada ki jira ya zo. Ki sa kawunki Bawa ya raka ki ku gaishe shi, kuma kafin satin darasin ki nuna wa kwamiti shafin babu komai a ciki, layuka da tambayoyi kawai, gaban direkta, da rana, da shaidu. Ba izini kike nema ba, so kike kada wani ya ce bai sani ba. Ban ce ki amince da shi ba. Mutum na canzawa in ya yi kuɗi, ban san wanda za ki iske ba. Amma kada ki shiga garin da haushina a cikinki. Haushin nawa ne, kuma rabinsa ma ban cancance shi ba. In Hasiya na nan, wataƙila ɗanta na ajinki. Ba ta yi laifin komai ba, kwafa ta yi kamar yadda na koya mata.

Maganar akwati. Na yi niyyar in ce a'a. Na kwana biyu ina juya abin, na ga hana ki ba ya kare ki. Ki ce wa innarki na yarda, makullin na cikin tsohuwar fitilar ƙwai a bisa bango. Ki ɗauki taswira da ƙamus da babbar rula, naki ne. A cikin takardun sankiyam za ki iske rezime biyu na darasin nan, mai tsawo da mai gida biyu. Ki karanta su duka, ki ga yadda ubanki ya faɗi ta dama ya tashi ya faɗi ta hagu. Kada ko ɗaya ya hau tabulonki. In na ji an ce ɗiyar Mushe Arzika ta kwafi ubanta, wannan zai fi mini ciwo da shekarun nan bakwai.

Ki kama ɗaki gidan da akwai tsohuwa. Kada ki ci bashi a shagon uban ɗalibi. Ki riƙa tsayawa a fili lokacin shan iska, ki ga wasan da suke yi da wanda ake bi.

Allah ya kai ki lafiya, ya sa ki shiga garin da ƙafar dama, ya rufe bakin mai sharri, ya ba ki haƙurin da ban yi ba. Allah ya tsare yaran da za a damƙa miki, na masallaci da na coci da na bakin gari. Ki gaida innarki, ki ce mata na ji saƙonta kuma ta yi gaskiya. Ki gaida kawunki, ki shafa mini kan ƙannenki. Wassalam.

Babanki, Arzika.

Innarki ta ce in faɗi abin da na tara, ga shi. Jika ɗari da sittin na sefa a hannun mai sito, in bai canza magana ba. Turmi biyu na atamfa. Agogon hannu. Na ciri jika arba'in na ba direba, ki ƙirga a gabansa. Ki sayi kaye a Dutsi, guda ga kowane yaro a aji biyun, na tarihi shi kaɗai, don kada wani ya zubar da layi saboda tattalin takarda. Abin da ya rage bai kai kuɗin mota da tsaraba ba, don haka bana ma ba ni zuwa. Saura jika ɗari da ashirin, da turmi biyu, da agogon.